Ganyen da Akuya Ta Ƙi

Ranar da Ihsan za ta koma Umdurman
ta bar mini butar shayi mai karyayyen murfi
da wani ƙulli a takardar asibiti.
Na kwance, sai ga iri, bai kai ƙwayar gero ba.
Ta ce, "Jarjir ne. Ki jira sanyi.
Kada ki binne shi da zurfi, ba gawa ba ne."

Na jira.
Da damina ta ɗauke, dare ya fara neman bargo,
na mirgino tsohuwar tayar motar Haliru,
na cika ta da ƙasar fadamar Kwalkwalawa
da takin tumaki da ya shekara a bayan madafa,
na barbaɗa kamar mai sa gishiri a miya.

Famfon Mabera sai ya ga dama yake magana,
don haka ruwan wankin shinkafa na ba shi,
da ragowar abin da ke cikin buta.
Kwana huɗu, na fito da asuba riƙe da tocila,
ga su nan, kunnuwa bibbiyu,
sun cunkushe kamar yara a bakin tukunyar ɗanwake.

Kulu ta leƙo ta katanga:
"Wanga mi na? Ba yakuwa ba, ba rama ba.
Ke dai akwai son abin baƙi."
Akuyarmu, wadda ta cinye zogalena har ɓawo,
ta haɗa da takardar jarrabawar Junaidu,
ta zo ta sansana, ta yi atishawa,
ta juya ta ba shi baya.

Na tsinki ɗaya na tauna.
Da farko ciyawa.
Sai gyaɗa soyayya ta biyo baya.
Can kuma wani yaji ya hau hanci
ba tare da ya nemi izinin barkono ba.

Na yi kuskure, ba zan ɓoye ba:
na zuba shi a miya kamar alayyafo,
ya narke, ya yi shiru, ya ɓace mini.
Ashe shi ba ya son wuta.
Ɗanye ake kai shi akushi,
a daka ƙuli-ƙuli, a yanka albasa sirara,
tumatir biyu, lemun tsami rabi,
man gyaɗa kaɗan, a cuɗa da hannu.
Na ɗora shi kan ɗanwake,
na kwantar da shi gefen gasasshen kifin Rima,
ranar da ba cefane, shi da hoce sun ishe mu.

Haliru ya ce shi ba zomo ba ne.
Daren Laraba na ji motsi a bayan madafa,
na ɗauka ɓera ne.
Shi ne, tsugune, da gutsuren burodi a hannu.
Ban ce komai ba. Shi ma bai ce ba.

Sai zafin Sakkwato ya dawo da halinsa.
Ganyen ya yi kauri, ya yi ɗaci,
kara ya miƙe tsakiyar taya,
ya fitar da fure fari mai jijiyoyi
kamar bayan hannun tsohuwa.
Na bar shi ya bushe a tsaye.
Da na girgiza, sai ya amsa, kacau-kacau.

Na cika kwalbar magani biyu.
Ɗaya Kulu ta karɓa, tana kallon wani wuri.

Lambar Ihsan ta daina shiga tun bara.
Nakan gwada bayan la'asar.
Ɗaya kwalbar tana cikin butar shayinta,
na rubuta sunanta a jiki,
ina jiran sanyi.